Masana'antar tace yuraniyom: Kafin a aza tubali, wa zai biya kuma wa zai saya?

A ranar 13 ga Mayun 2024 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a kan dokar da ta haramta shigo da tataccen yuraniyom daga Rasha. Sai dai dokar ta bar wata ƙofa a buɗe, domin ta yarda a ci gaba da bai wa kamfanoni izini na musamman su sayo daga Rashar har zuwa ƙarshen 2027. Dalilin a fili yake. Amurka na da tukwanen nukiliya sama da 90 da ke ba ta kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar lantarkin da take sha, kuma a wancan lokacin kusan rubu'in aikin tace makamashin da waɗannan tukwane ke ci a Rasha ake yin sa. Da an datse cinikin a rana ɗaya, da babu inda za a samo abin cike giɓin.

Abin mamaki shi ne Amurka ce ta fara tace yuraniyom da yawa a duniya, tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ilimin na nan a hannunta, injiniyoyin ma suna nan. Abin da ya gagare ta fiye da shekara 20 shi ne haɗa kuɗin gina sabuwar masana'anta mallakinta. Wannan labari ya kamata duk ƙasar da ke da yuraniyom a ƙarƙashin ƙasarta ta karanta shi da kyau, domin yana nuna cewa irin wannan masana'anta ba ta tashi sai an samu mai saye da ya ɗaure kansa na shekaru masu yawa, da gwamnatin da za ta tsaya wa bashin.

Mene ne aikin tacewar?

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa yana ƙunshe da nau'i biyu. Wanda ke ba da makamashi, wato U-235, kashi 0.7 ne kacal cikin 100. Galibin tashoshin lantarki na nukiliya suna buƙatar a ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5. Sabbin ƙananan tukwane da ake ƙerawa yanzu wasunsu na son wanda ya kai kusan kashi 20, yayin da na makami ke kaiwa wajen kashi 90.

Kafin a kai ga haka sai an bi matakai. Ana niƙa dutsen a fitar da gari mai launin ɗorawa, a kai shi wata masana'anta ta mayar da shi sinadarin da ke zama iskar gas idan an ɗumama shi. Daga nan sai a zuba gas ɗin cikin injinan juyi, wasu dogayen bututu ne da ke juyawa da matsanancin gudu har nau'i mai nauyi ya koma gefe, mara nauyi ya taru a tsakiya. Abin da inji ɗaya ke rabawa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ake jera su dubbai, wannan na miƙa wa wancan. Aikin da suke yi ana auna shi da wani ma'auni da ake kira SWU, kuma da shi ake cinikin a kasuwa.

Kamfanoni huɗu ne suka mamaye wannan kasuwa: Rosatom na Rasha, wanda shi kaɗai ke riƙe da kimanin kashi 40 cikin 100 na ƙarfin tacewa a duniya, sai Urenco na Turai, da CNNC na China, da Orano na Faransa. Babu ɗaya cikinsu da gwamnati ba ta da hannu dumu-dumu a ciki.

Abin da ke korar bankuna

Matsala ta farko ita ce yadda kuɗin ke fita. Neman lasisi kaɗai na cin shekaru, ginin ma haka, kuma kusan duk jarin ana zuba shi ne kafin a sayar da ko kilo ɗaya. A tsawon wannan lokaci kuɗin ruwa na taruwa. Duk wata shida da aka yi jinkiri, bashin ya ƙara nauyi.

Ta biyu, masu sayen ba su da yawa. Kamfanonin lantarki ne masu tashoshin nukiliya, kuma sun saba ƙulla yarjejeniyar shekara biyar zuwa goma da wanda suka sani. Banki zai ce ba ya ba da bashi sai ya ga kwangilar saye a hannu. Mai saye kuma zai ce ba ya ɗaure kansa da masana'antar da bai ga ta fara aiki ba. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara motsi, shekaru na wucewa.

Ta uku ita ce jingina. Idan kamfanin siminti ya kasa biyan bashi, banki na iya ƙwace injinansa ya yi gwanjonsu. Injinan tace yuraniyom kuwa sirri ne na ƙasa, domin injin da ke tacewa zuwa kashi 5 shi ne dai zai iya kaiwa kashi 90 idan aka sake masa jeri. Ba a sayar da su ga duk wanda ya taya, kuma ko ganinsu ba kowa ake bari ya yi ba. Kadarar da ba za ta sayu ba, ba ta da daraja a idon mai ba da bashi.

Akwai kuma yanayin injinan kansu. Da zarar an tayar da su, ana barinsu suna juyawa shekara da shekaru, saboda tsayar da su da sake tayarwa na iya lalata su. Wutar da suke ci kuma kaɗan ce, kusan kashi ɗaya cikin 50 na abin da tsohuwar hanyar tacewa ke ci. Ma'ana, wanda ya riga ya gina tasa masana'antar ya biya bashinsa zai ci gaba da fitar da kaya ko da farashi ya faɗi warwas. Sabon shiga mai bashi a wuya ba zai iya jure wannan gasar ba.

Abin da ya faru a Piketon da Idaho

Kamfanin USEC shi ya gaji masana'antun tacewa na gwamnatin Amurka bayan an sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1998. Ya ƙudiri gina sabuwar masana'anta ta injinan juyi a Piketon da ke jihar Ohio, kuma ya samu lasisi a 2007. A 2008 ya nemi Ma'aikatar Makamashi ta tsaya masa ya ciwo bashin dala biliyan 2. A 2009 ma'aikatar ta ce fasahar ba ta nuna ba tukuna, aka ɗage magana. Kamfanonin Toshiba da Babcock & Wilcox sun yi alkawarin zuba dala miliyan 200 a 2010, amma kashi-kashi, kuma ragowar kuɗin an rataya su ne a kan samun wancan lamuni na gwamnati. Lamunin bai zo ba. A 2013 USEC ya rufe tsohuwar masana'antarsa ta Paducah a jihar Kentucky, a watan Maris na 2014 kuma ya je kotu ya ayyana karayar jari. Daga baya ya farfaɗo da sabon suna, Centrus.

Kamfanin Areva na Faransa, wanda yanzu ya zama Orano, shi ya samu abin da USEC ya rasa. A watan Mayun 2010 gwamnatin Amurka ta amince, bisa sharaɗi, ta tsaya masa a kan dala biliyan 2 domin gina masana'antar Eagle Rock a jihar Idaho. Lasisi ya fito a Oktoban 2011. Wata biyu bayan haka kamfanin ya dakatar da aikin, kuma ba a taɓa gina ta ba. Wannan ya nuna cewa ko gwamnati ta tsaya wa bashi, idan kasuwa ta juya baya aikin ba zai tashi ba.

Abubuwa biyu ne suka karya kasuwar. Na farko yarjejeniyar da Amurka da Rasha suka ƙulla a 1993, wadda ta sa aka narkar da tan 500 na yuraniyom ɗin makaman Tarayyar Sobiyet aka mayar da shi makamashin tashoshin lantarki. Tsawon shekara 20, har zuwa 2013, wannan ne ya ciyar da kusan rabin buƙatar tukwanen Amurka. Yarjejeniyar ta rage makamai a duniya, abin a yaba ne, amma ta sa kamfanonin lantarki sun saba da kaya mai sauƙi. Na biyu shi ne hatsarin Fukushima a watan Maris na 2011. Japan ta kashe tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, Jamus ta rufe takwas a shekarar. Farashin SWU da ya kai wajen dala 160 a 2009 ya gangaro ƙasa da dala 40 a 2018. Babu mai hankalin da zai zuba biliyoyi a irin wannan kasuwa.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Da Rasha ta shiga Ukraine a 2022, farashi ya sake hawa sama da inda yake a 2009, amma masana'anta ba ta ginuwa a wata shida. Centrus ya fara tacewa a Piketon a Oktoban 2023 da injina 16 kacal, a ƙarƙashin kwangilar gwamnati, kuma kayan farko da ya miƙa kilo 20 ne. Sai da majalisar dokokin ƙasar ta ware dala biliyan 2.7, ta kuma sa haramcin kayan Rasha ya kai har 2040, sannan masu jari suka fara saurare. Tsoronsu ɗaya ne: kada su zuba kuɗi, gobe a sasanta da Moscow, kaya mai araha ya dawo ya bar su da bashi.

Waɗanda suka yi nasara

Masana'antun da suka tashi a wannan zamani duk suna da kama ɗaya. Ta Urenco da ke Eunice a jihar New Mexico ta fara aiki a 2010, kuma ita ce kaɗai babbar masana'antar kasuwanci da ke tacewa a Amurka. Gwamnatin Birtaniya na da kashi ɗaya cikin uku na kamfanin, ta Holan na da kashi ɗaya, ragowar na wasu manyan kamfanonin lantarki biyu na Jamus. Ya zo da injinan da aka riga aka gwada shekaru a Turai, kuma ya ƙulla kwangiloli da kamfanonin lantarkin Amurka tun kafin ya gama gini.

A Faransa, masana'antar Georges Besse II da ke Tricastin ta ci kimanin Yuro biliyan 3, ta fara aiki a 2011. Gwamnatin Faransa ce ke da kusan kashi 90 cikin 100 na Orano, kamfanin lantarkin ƙasar na da tukwane sama da 50 da ke jiran kaya, kuma wasu kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu sun sayi ƙananan hannun jari a masana'antar domin su tabbatar da rabonsu. Da aka tashi faɗaɗa ta da kashi 30 cikin 100 a 2023, an ƙiyasta Yuro biliyan 1.7, kuma Bankin Zuba Jari na Turai ya ba da bashin Yuro miliyan 400 a 2025. Birtaniya ma a Mayun 2024 ta bai wa Urenco fam miliyan 196 domin sabon sashe a Capenhurst. Ko a ƙasashen da suka fi kowa wa'azin a bar kasuwa ta yi halinta, baitulmali ne ke ɗaukar kasadar.

Siyasa kuma na iya cinye jarin da aka riga aka zuba. A 1974 Sarkin Iran, Muhammad Reza Pahlavi, ya ranta wa Faransa dala biliyan 1 domin gina masana'antar Eurodif, Iran ta samu kashi 10 cikin 100 na hannun jari. Juyin juya halin 1979 ya zo, aka shiga rikicin da bai ƙare ba sai 1991, kuma Iran ba ta taɓa karɓar tataccen yuraniyom daga wurin ba. Duk mai tunanin zuba kuɗi a wannan harka ya san wannan tarihi.

Ina Afirka ta tsaya?

Nijar na haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971. A 2022 ta fitar da kimanin tan 2,000, wajen kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ta haƙo. Shekara da shekaru garin na bi ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Faransa, a can a sarrafa shi, a tace shi, a haska birane da shi, alhali mafi yawan 'yan Nijar ba su da lantarki a gidajensu. Ɓacin ran da ke bayan soke lasisin Orano na Imouraren a Yunin 2024, da mayar da Somaïr hannun gwamnati a Yunin 2025, yana da tushe. Orano dai ya ƙi amincewa da matakan, ya kai ƙara gaban kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya.

A irin wannan yanayi, tambayar da ke zuwa bakin mutane da yawa ita ce me zai hana a riƙa tace kayan a gida a ci ribar gaba ɗaya. Tambaya ce mai kyau, amma lissafi ne zai amsa ta. Babbar tukunya mai ba da megawat 1,000 na buƙatar abin da bai wuce SWU 140,000 ba a shekara. Georges Besse II na fitar da miliyan 7.5, abin da ya isa ciyar da tukwane sama da 50. A duk faɗin Afirka tukwanen lantarki biyu ne ke aiki, na Koeberg a Afirka ta Kudu. Huɗun da Masar ke ginawa a El Dabaa kuwa Rosatom ne zai riƙa ba su makamashi bisa yarjejeniya. Ƙaramar tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka sauya wa makamashi a 2018, abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Ke nan masana'antar da za a gina a nahiyar ba ta da mai saye a gida, sai ta fita ta yi gogayya da Rosatom da Urenco a kasuwar da suka riƙe shekara 50.

Afirka ta Kudu ta gwada. Tana da yuraniyom, tana da masana, tana da tashar da za ta ci kayan. Ta gina masana'antar tacewa a kusa da Pretoria a shekarun 1980, ta rufe ta a 1995 saboda sayowa daga waje ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kazakhstan, wadda ke haƙo kimanin kashi 40 cikin 100 na yuraniyom ɗin duniya, ba ta da masana'antar tacewa tata. Kanada da Ostiraliya da Namibiya ma haka. Waɗannan ƙasashe sun duba lissafin ne suka ga inda ribarsu take.

Hanyar samun rance mai rangwame ma ƙunci gare ta. Bankin Duniya sau ɗaya ya taɓa ba da bashin tashar nukiliya, a Italiya a 1959. A Yunin 2025 ya janye haramcin da ya daɗe a kan harkar, amma abin da ya sa a gaba shi ne tsawaita rayuwar tashoshin da ake da su da kuma ƙananan tukwane na zamani. Idan bankunan raya ƙasa ba su shigo ba, abin da ya rage shi ne bashi daga ƙasar da ta mallaki fasahar, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai ba da injin shi zai riƙe sirrinsa, shi zai kawo ma'aikata, shi zai yanke farashi. An canja ubangida ke nan, ba a samu 'yanci ba.

Masu ganin a jure asara saboda tsaron ƙasa suna da hujja. A Nuwamban 2024 Rasha ta taƙaita sayar wa Amurka tataccen yuraniyom a matsayin ramuwa, abin da ya nuna cewa dogaro da mai sayarwa ɗaya hatsari ne. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya kuma ta amince da haƙƙin kowace ƙasa na amfani da nukiliya ta hanyar lumana. Sai dai wannan hujja ta fi ƙarfi ga ƙasar da ke da tukwane masu yawa da za su mutu idan an yanke mata kaya. Ga wadda ke shirin gina ta farko, akwai hanyoyi masu sauƙin kuɗi: raba saye tsakanin kamfanoni biyu ko uku, ajiye makamashin shekaru a gida, ko dogaro da rumbun tan 90 da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta tanada a Kazakhstan tun 2019 domin ƙasar da aka toshe wa hanya.

Abin da ya fi dacewa

Ga ƙasa irin Nijar, ribar da ke kusa tana matakin farko ne. A samu farashi mai adalci da masu saye fiye da ɗaya. A bayyana wa jama'a sharuɗɗan kowace yarjejeniya, ko da wa aka ƙulla ta. A tilasta wa duk mai haƙa ya ajiye kuɗin gyaran muhalli tun kafin ya tafi, domin tarin ƙasa mai guba da aka bari bayan rufe mahaƙar Cominak a 2021 na nan kusa da gidajen mutane. A kuma ware wani kaso na kuɗin yuraniyom a zuba a lantarki, da ruwan sha, da horar da matasa ilimin ma'adinai. Idan wata rana ƙasashen nahiyar suka mallaki tukwane da yawa, sai a yi maganar masana'anta guda ta haɗin gwiwa, kamar yadda Birtaniya da Jamus da Holan suka haɗa kai a 1970 suka kafa abin da ya zama Urenco.

Kafin lokacin, duk jami'i ko kamfanin da ya zo da alkawarin gina masana'antar tace yuraniyom, haƙƙin 'yan jarida da 'yan majalisa da ƙungiyoyin farar hula ne su nemi ya ajiye takardu a kan tebur. Nawa aikin zai ci, kuma wa zai ba da kuɗin a kan wane ruwa? Wane kamfanin lantarki ne ya sa hannu zai saya, na shekara nawa? Idan farashi ya faɗi kamar yadda ya faɗi bayan 2011, wa zai biya bashin? Tambaya ta ƙarshen nan ita ta fi muhimmanci, domin a duk inda aka gina irin wannan masana'anta amsarta ɗaya ce, wato mai biyan haraji. Ya kamata a sanar da shi tun kafin a ci bashin da sunansa.